Hannun Jarina a Kamfanin Ɓeraye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa gare ki, 'yar Malam,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na dame ki da takarda tun ba ki gama kwance kaya ba. Na san karatun haɗa magani ne ya kai ki Dakar, ba karatun rubutuna ba, wanda babanki ke cewa kamar kaji sun yi tsere a kan jiƙaƙƙen yashi. Ki daure ki bi shi a hankali.

Ina fatan kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokan zama masu tsoronsa. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba, don haka zan tsallake shi.

Ran da muka raka ki filin jirgi kowa ya yi miki nasiha, har direban taksi. Ni kuwa "a sauka lafiya" kawai na ce, shi ma ina kallon takalmina. Kin san dalili. Ke 'yar fari ce, ni kuma a Kano aka raine ni, a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma zama hira da shi. Shekara ashirin ina ce miki "ke" ko "'yar Malam". Takarda ba ta da ido, shi ya sa zan iya gaya mata abin da na kasa gaya miki. Nasihar da zan yi miki daga kurakuraina na ciro ta, kuma duk a kan abu guda na yi su: takardar hannun jari da ke ƙarƙashin katifata. Ba ki san da ita ba duk da ke kike gyara gadon. Ko kuwa kin gani kin yi shiru, don ke ma 'yar gidan ce.

Kin tuna safiyar da aka ce an karya darajar sefa. Mun kwanta da kuɗi mun tashi da rabinsu, ba ɓarawo ba gobara. A lokacin ina da wani ƙulli a cikin kwalla. Kuɗin sabunta kart sejur ɗina ne, katin zaman baƙo, babanki ya tara ya ba ni ajiya tun wa'adin da saura, na haɗa da ɗan abin da na samu a turaren wuta.

Hajiya Zinaru, maƙwabciyarmu ta nan unguwar Derrière la Prison, mutuniyar Damagaram, ta shigo ina share tsakar gida. Ta ce, "Malama, wanda ya riƙe sefa yanzu ya riƙe ƙanƙara ne a rana. Akwai wani kamfani na likitoci, suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon wani itace na dajin ƙasar nan. Ana sayar da aksiyo ɗinsu a banki, wato hannun jari. Kin taɓa ganin gidan da ba a zazzaɓi a Libreville? Ƙwayar da ake kawowa daga Faransa ta ninka kuɗi. Ran da nasu ya fito, ni da ke sai Makka duk shekara."

Na ce, "Haka ne."

Da la'asar Hajiya Talatu ta biyo daga shagonta na atamfa a Awendjé. Kin san ta, 'yar garinmu, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Na ba ta labari. Ta ce, "Kamfanin da bai sayar da ko ƙwaya ɗaya ba? Malama, ni ko turmin atamfa sai na warware na ja bakinsa na ɗanɗana ko yana zuba kafin in biya. Zinaru in ta ga hadari a Kamaru sai ta fitar da baho a Gabon. Ki riƙe kuɗinki."

Na ce, "Haka ne."

Mako guda ana haka, Zinaru da hantsi, Talatu da la'asar, kowacce tana fita da tabbacin ni tata ce. Abin da ya yanke hukunci kuwa ba hujja ba ce. Banki da safe yake buɗewa, kuma safiya ta Zinaru ce. Da a ce da la'asar ake buɗe shi, da yanzu kuɗina suna cikin kwalla.

To ki ji. "Haka ne" ba ladabi ba ne in ba haka ba ne a zuciyarki. Ni na ɗauka ina girmama manya, ashe ina ba kowacce igiya ne ta ja ni. In mutum biyu suka saɓa a kan abin da ke aljihunki, ki gaishe su da kyau, ki ba su ruwa, sannan ki ce, "Zan yi tunani." Kuma ki yi ɗin.

Sai da na dangwala hannu a banki aka ba ni takarda mai hatimi, sannan tsoron Allah ya kama ni. Na sa mayafi na je wurin liman, na tambaye shi ko abin ya halatta. Ya ce in abin da kamfanin ke yi halal ne, kuma ana tarayya a riba da asara, babu laifi. Sai ya ɗago ya ce, "Malama, tambayar ta kafin saye ce ko ta bayan saye?" Na ce ta bayan saye. Ya ce, "To wannan ba fatawa kike nema ba, jaje kike nema." Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane cewa ba a shiga aiki sai an san hukuncin Allah a kansa. Ki riƙa tambaya ƙafarki tana waje. Wanda ya riga ya shiga kogi, labarin zurfinsa ba ya amfanarsa sai da fargaba.

Kalmar liman ɗaya ta tsaya mini: tarayya. In ni mai tarayya ce, ai ya kamata in ga abin da na mallaka. Muka shiga taksi mu uku har bayan Alibandeng. Talatu ta ce ta zo ne ta ga inda aka binne kuɗina ta yi musu addu'a. Wata likita 'yar ƙasa, doguwa mai farar riga, ta karɓe mu da mutunci. Zinaru ce tafinta, da Faransancinta na kasuwa.

Talatu ta ce, "Tambaye ta ina maganin."

Likita ta yi magana mai tsawo, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Zinaru ta ce, "Ta ce yana nan tafe."

"Duk wannan zuba 'yana nan tafe' ce kawai? To tambaye ta me suka sayar bana."

Likita ta yi murmushi ta girgiza kai. Wannan bai buƙaci tafinta ba.

Daga nan aka leƙa da mu ta gilashi wani ɗaki mai sanyi, an sa masa kilima, wato na'urar sanyaya ɗaki. Fararen ɓeraye ne a keji, jere-jere, kowanne da lambarsa. A kansu ake gwada maganin kafin a kai ga mutane. Talatu ta dafa kafaɗata ta ce, "Malama, ga abokan cinikinki. An sa musu kilima, ke kina fama da mafici."

Zinaru ta ce, "Kamfanin da zai sa wa ɓera kilima ai ba na matsiyata ba ne."

"Da kuɗin wa aka sayi kilimar?"

Har muka dawo gida suna yi. Direban taksi, wani Bazabarme mai jin Hausa, ya saurara har ya ce shi ma a saya masa aksiyo ɗaya, kafin mu kai gida ya ce ya fasa.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Na fahimci cutar ake sa wa ɓerayen da gangan, sannan a ba su magani a ga wanda zai tashi. Na ce ashe da rabona a cikin wahalar bayin Allah. Ban san ko wutsiya ɗaya ce tawa ko ɓera guda ba. Kin tuna wainar da na shiga rabawa duk Juma'a, kina tsammani sadakar kakarki ce? Ta ɓeraye ce.

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Ido ɗaya muka gani da shi, ɗaki ɗaya, ɓeraye iri ɗaya, amma Zinaru ta ga arziki, Talatu ta ga tsiya, don kowacce da abin da ta ɗauko daga gida. Kuma kada ki yarda mai rabo a cikin magana ya zama tafintanki.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni kunya. Kin tuna da damina babanki ya kwana biyu yana zarya tsakanin ɗaki da bayi, kika ce a kai shi asibiti, na ce wataƙila kifi ne? Ba kifi ba ne, kuma tun ranar nake istigfari a kan wannan "wataƙila". Zazzaɓi ne ya kama shi. Zinaru ta samo ɓawo daga hannun mai gadin kamfanin, ya rantse mata na itacen ne. Ta ce, "Me za mu jira? Itacenmu ne, mara lafiyarmu ne." Na tafasa shi yadda nake tafasa sabara, na cika kofin silba na miƙa wa bawan Allah. Ya ce mene ne, na ce magani ne. Ya yi bismillah ya shanye, don bai taɓa zargina ba.

A rana ta uku ya tashi kamar an matse tsumma, amma zazzaɓin ya tafi. Kafin azahar labari ya gama unguwa, kuma ya rabu biyu. Zinaru ta bi gida-gida tana cewa an gwada a kan mutum, ya warke, mai kuɗi ya ƙara saye. Mata uku suka saya. Talatu ta tsaya a bakin shagonta tana cewa an gwada a kan mutum, da ƙyar ya sha, mai hankali ya sayar. Mahauta biyu da suka riga suka saya suka nemi sayarwa. Babanki yana zaune a kan kekensa na ɗinki, mutane suna zuwa duba shi, ba don Allah kaɗai ba. Wani ya leƙa idonsa ya ce ya yi haske. Wani ya ce ya rame.

Dole na zauna na gaya masa komai, har da kuɗin katin. Ya zura zare a allura, ya ce, "Hajara, su ɓerayen an sa musu kilima. Ni me aka sa mini?" Na sunkuyar da kai. Can ya ce, "To Allah ya ba ɓerayen lafiya." Bai sake tayar da maganar ba, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Amma har yau in na miƙa masa shayi sai ya sansana.

Ke da za ki riƙe lafiyar mutane a hannunki, kada ki ba kowa abin da ba ki auna ba, ko da ƙauna ce ta sa. Kuma mutum ɗaya ba shaida ba ne. Ko a gaban alƙali shaidu biyu ake nema, balle ga abin da za a zuba wa jama'a a ciki.

Duk wannan lokacin kamfanin yana aiko mini wasiƙu da Faransanci. In na kai wa Zinaru, ɗanta ya karanta ya ce abu yana hawa. In na kai wa Talatu, surukinta mai aiki a tashar jirgin ruwa ya karanta ya ce abu yana nitsewa. Takarda ɗaya. Duk mai jin Faransanci a unguwar nan ko ya saya, ko ya sayar, ko yana auren 'yar wanda ya saya. Ga ki kuma a ɗaki, kina zaune kan tabarma da littattafan kimiyya, ke kika zo ta ɗaya a lise, wato sakandare, kin san abin da ake yi da ɓera fiye da duk wanda na lissafa. Taku uku ne tsakanin katifata da tabarmarki. Sau da yawa na ɗauko takardar, in tsaya a bakin ƙofa, ki ɗago ki ce, "Mama, kina son wani abu?" In ce, "Ke, an ɗebo ruwa?" In koma in mayar da ita.

Na shiga taksi har bayan Alibandeng, na je gaban liman, na shayar da mijina ɓawon da ban san sunansa ba, duk don kada in zauna gwiwa da gwiwa da 'yar fari in ce mata, "Duba mini wannan, na yi wauta." Wannan shi ne babban kuskurena, sauran duk 'ya'yansa ne. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma ranar da kika ga kunya tana hana ki tambayar wanda ya sani, ki cire ta ki rataye kamar mayafi, in kin gama ki mayar. In Allah ya ba ki 'yar fari, ki ɓoye sunanta in kina so, amma kada ki ɓoye mata takarda.

Ga inda aka tsaya. Kin bar gari ana maganar wa'adin da aka sa wa baƙi, to yanzu ya kankama. Wanda katinsa ya mutu, ko ya sabunta ko ya bar ƙasa. Jandarma suna tsayar da taksi a kowace kwana. Katin babanki yana da rai, ke da ƙannenki haihuwar nan ne, nawa ne kaɗai ya mutu. Rabona da kasuwa tun kafin ki tafi. Yaran da nake biya wa karatu sun ragu, gidaje da yawa sun ɗaure kaya sun nufi bakin ruwa. Abin da ke hannun babanki ya tafi a jirginki da makarantarki, ban faɗa don ki ji nauyi ba, wannan shi ne kuɗin da muka kashe a inda ya dace. Na aika banki ko za su karɓi takardar, suka ce sai an sami mai saye, kuma a wannan yanayin kowa sayarwa yake.

Shekaranjiya Talatu ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta zauna ta ce, "Malama, ɗauko takardar ɓerayen nan. Zan saya a yadda kika saya."

Na ce, "Hajiya, ai ke kika ce ba ta kai takardar ƙunshe ƙosai ba."

"Har gobe haka na ce. Ina ruwanki? Sha'awa nake."

Kin san ba ya halatta a sayar da kaya a ɓoye aibinsa. Na gyara zama na fara lissafa mata. Na ce ba su sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Na ce maganin bai wuce ɓera ba. Na ce ba a san ranar fitowarsa ba, kuma ya kusa kashe Malam, in ma ɓawon nasu ne. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Waɗannan duk ai nawa ne, a bakina kika ji su. Ko ɗaya ba ki ƙara ba. Kin ma manta kilima."

Na ce, "To in taimako ne ki kira shi taimako."

Ta ce, "Ni ba na taimako, ciniki nake yi. Shekara ashirin da biyar muna garin nan, in aka sa ki a jirgi wa zai riƙa ce mini 'haka ne'?" Ta tashi ta fita tana gyara ɗankwali, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Ko awa ba a yi ba Zinaru ta shigo tana haki. Ta ce, "Kada ki kuskura. Kin taɓa ganin Talatu ta sayi abin da zai faɗi? Surukinta ya ji wani abu. Sabuwar wasiƙar nan cewa take wani babban kamfani daga Turai yana son shigowa." Surukin kuwa ya rantse cewa take gwajin bai yi kyau ba, za a sake daga farko, kuma ana neman ƙarin kuɗi. Na buɗe baki zan ce "haka ne", sai na kama kaina. Na ce, "Zan yi tunani." Zinaru ta dube ni kamar na zage ta.

Tunanin ke nan na yi. Na sa an yi fotokofin sabuwar wasiƙar, shafi shida, ga ta nan a cikin wannan ambulan. Ki karanta mini ita da idon wanda ba shi da ko wutsiya a ciki. Abu ɗaya nake son sani: takardar nan tana da daraja ko wofi ce? In tana da ko 'yar daraja, zan sayar wa Talatu da zuciya fara, in sabunta katina, in abin ya hau daga baya rabonta ne, ba zan ciji yatsa ba. In kuwa wofi ce, ba zan sayar mata da iska ba ko da ita ta roƙa, don ni zan amsa tambaya a kabari, ba ita ba. Na riga na wanke akwatina na shanya, babanki ya gani ya yi kamar bai gani ba.

Kada ki sassauta magana don ki tsayar da ni a Libreville. Zan gane, ni na haife ki. Kada kuma ki bugo waya shagon Alhaji mai tarhon unguwa, Zinaru za ta riga ni ɗauka, ni kuma in na ji muryarki ba abin da zan iya tambaya sai ko kin ci abinci. Ki rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, ki ba wa mai zuwa ta jirgin sama.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki kwana cikin gidan sauro, don maganin namu yana nan tafe. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya buɗe miki karatu, ya dawo mana da ke lafiya, ya sa ki same ni a inda kika bar ni.

Saura abu ɗaya, kuma kada ki nuna wa kowa, musamman dangin Kano. Na gwada rubuta shi sau biyu a bayan allo kafin in sa a nan.

Rukayya, wa'adin ya matso. Ki ba ni amsa da wuri.

Mahaifiyarki,
Hajara